Nana Asma'u 'Yar Shehu da Asalin Al'adar 'Yan Taru

Duk wanda Allah Ya nufe shi da ziyarar Hubbaren Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a birnin Sakkwato, in ya sami gefe ya tsaya, ya natsu, ya dubi masu shiga da masu fita, ba zai rasa ganin ayarin mata ba, tsofaffi masu dogara sanda da 'yan mata masu riƙe da ƙullin guzuri, waɗanda suka taso daga ƙauyuka na kusa da na nesa domin su yi addu'a ga Shehu da iyalansa, su kuma tsaya a kan kabarin 'yarsa Nana Asma'u, wadda ke kwance kusa da mahaifinta, Allah Ya ƙara musu yarda. Wannan tafiya tasu tana da asali, kuma asalin nata ya haura shekara 180, gama ita ce ragowar wata al'ada ta neman ilmi da ake kira 'Yan Taru, wadda Nana Asma'u ta kafa da hannunta, ta raine ta har ta yi ƙarfi, ta mutu ta bar ta tsaye. Tarihin wannan al'ada da na baiwar Allah da ta assasa ta shi ne nake nufin shimfiɗa wa mai karatu, domin a ganina babu wani aiki daga ayyukan zamanin jihadi da ya fi shi daɗewa yana amfanar talakawa, kuma babu wanda marubuta suka fi gajarta bayaninsa.

Ƙasar Hausa dai ba baƙuwar mata masu martaba ba ce tun tale-tale. Mutanen Daura suna lissafa sarauniyoyin da suka mulki garinsu har zuwa kan Daurama, wadda a zamaninta aka kashe macijin rijiyar Kusugu. Zazzagawa kuma suna alfahari da Amina 'yar Bakwa Turunku, wadda littafin Tarihin Kano ya ce ta yi shekara 34 tana cin garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, wadda kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai manta da ambatonta ba a cikin Infaƙul Maisuri. Haka nan akwai sarautun mata a fadoji, kamar Magajiya da Iya, da Inna a Gobir, da Magira a Barno, waɗanda maganarsu ke da nauyi a wurin sarakuna. Sai dai ganuwar Amina, duk da tsawonta da kaurinta, damina ta cinye mafi yawanta, abin da ya saura kufai ne da labari a bakin tsofaffi. Ita kuwa wadda za mu yi maganarta, kayan aikinta alƙalamin kara ne da kurtun tawada, rundunarta kuma tsofaffin mata ne masu tafiya a ƙasa, amma ga shi har yau ana rera abin da ta rubuta a cikin ɗakunan da ba a taɓa jin ƙarar tamburan Amina ba.

Ba za a fahimci Nana Asma'u ba sai an fahimci gidan da ta fito. Mahaifinta, wanda aka haifa a Maratta cikin shekarar 1754, ya kuma fara wa'azi yana ɗan shekara 20, ya tashi a zuriyar Toronkawa da aka sani da karatu maza da mata, har ana ruwaito cewa mahaifiyarsa Hauwa'u da kakarsa Ruƙayya malamai ne. Tun farkon fitowarsa ya buɗe majalisinsa ga mata, ya keɓe musu wurin zama, suna sauraren tafsiri da fiƙihu kamar yadda maza ke saurare, abin da ya sa wani malami mai suna Mustafa Goni ya rubuto masa baitoci yana zarginsa da haɗa maza da mata. Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, shi kuwa ya mayar da baitoci a kan ma'auni ɗaya, yana mai kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilcin abin da Allah Ya wajabta musu ya fi fitowarsu wurin karatu muni, kuma wannan muhawara tana nan a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke tara almajirai a zaure suna karantar da su safe da yamma, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin tsarki da salla ba, ya kuma bayyana cewa irin wannan karantarwa neman suna ce, domin haƙƙin na cikin gida shi ne a gaba. Wanda ya faɗi haka a bainar jama'a lalle ne ya fara da gidansa, kuma da gidansa ya fara.

A cikin wannan gida, a ƙauyen Ɗagel na ƙasar Gobir, aka haifi Asma'u a shekarar 1793, watau 1208 ta Hijira. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, kuma bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma mahaifinta ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai guzuri kogon dutse a lokacin hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu da yayyenta, musamman yayarta Hadiza, wadda ita ma malama ce mai zurfi, matar Malam Mustafa, mahaifiyar shahararren masanin nan Abdulƙadir ɗan Tafa. Ta fara da allo kamar kowane yaro, ta sauke Alƙur'ani ta haddace shi, sa'an nan ta shiga littattafai, ta karanta tauhidi da fiƙihun Malikiyya da nahawu da lugga da sira da tasawwufi a kan tafarkin Ƙadiriyya, har ta zama tana rubutu da harshe uku, Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye. Wannan sanin harsuna shi ne mabuɗin duk abin da ta yi daga baya, domin da Larabci take magana da malamai, da Fillanci take magana da danginta, da Hausa kuma take isa ga talakawan da suka fi kowa yawa, suka kuma fi kowa bukata.

Ƙuruciyarta ba ta yi tsawo ba. Tun zamanin Sarkin Gobir Nafata aka yi shela a kasuwanni cewa kada maza su ƙara naɗa rawani, kada mata su ƙara yin lulluɓi, kada wani ya yi wa'azi in ba Shehu ba. Da Yunfa ya hau gadon sarauta kuwa al'amari ya tsananta, har jama'a suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, lokacin Asma'u tana da shekara 11. A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a, aka yi nasara a Tabkin Kwatto, sa'an nan aka sha wuya a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 sun yi shahada, aka kuma sha wata a Alwasa, ga yunwa ga annoba ga ƙaura daga sansani zuwa sansani, daga Sabon Gari zuwa Gwandu, littattafai a bayan raƙuma da takarkarai, mata da yara a ƙasa. Duk wannan yarinyar ta gani da idonta, kuma shi ne daga baya ta tsara a cikin waƙarta ta tarihi da aka sani da Waƙar Gewaye. Wanda ya ga zawarawa da marayu sun yi yawa haka tun yana yaro, ya ga malaman da aka yi shekaru ana rainonsu sun faɗi cikin yini ɗaya, ba ya bukatar a gaya masa cewa ilmin da aka ajiye a ƙirjin maza kaɗai yana iya salwanta a fagen fama guda.

Wajen shekarar 1807 aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna Sifawa, sa'an nan ya komo Sakkwato a 1815, Allah Ya yi masa rasuwa a 1817. Da Bello ya zama Sarkin Musulmi, sai Giɗaɗo ya zama Wazirinsa, ta haka Asma'u ta kasance 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, matsayin da da wata ce ta same shi, da ta wadatu da shi ta zauna cikin ni'ima. Ita kuwa aikin farko da ta sa a gaba, tare da mijinta, shi ne tattara rubuce-rubucen mahaifinta da yaƙi da ƙaura suka warwatsa, ta bi su ganye-ganye, ta daidaita, ta sa aka kwafa, aka sa a tadarishi aka ajiye a gafaka, a zamanin da takarda sai fatake sun ƙetaro da ita hamada daga Tarabulus. Tana da shekara 27 ta rubuta littafinta Tanbihul Gafilina da Larabci a 1820, daga nan kuma alƙalaminta bai huta ba har ƙarshen ranta, kuma abin da ya iso mana na wallafe-wallafenta ya haura 60, tsakanin zube da waƙa.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya dubi halin da ƙasa take ciki bayan an sauke takubba, domin ya gane cutar kafin a nuna masa maganin. Daula ta kafu, an naɗa sarakuna da alƙalai, Bello ya gina ribaɗoɗi irin su Wurno ya zaunar da jama'a a cikinsu. Amma yaƙe-yaƙe, har zuwa na Gawakuke a 1836, sun shigo da dubban mata cikin gidaje da ƙauyuka, waɗansu ganima, waɗansu zawarawa, waɗansu 'yan gudun hijira, mafi yawansu ba su jin Larabci ko Fillanci, kuma abin da suka sani na neman sauƙi in ciwo ya zo, ko haihuwa ta yi gardama, ko ruwa ya ɗauke, shi ne bori. A Gobir kuwa bori yana da shugabanci mai ƙarfi a hannun Inna, wadda 'yar gidan sarauta ce, tana da fadarta da mabiyanta, alamar girmanta kuma malfa ce da take ɗorawa a ka, sarautar da har yau ba ta ɓace ba a Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi. Waɗannan mata su ne ke goyon 'ya'yan daular, su ne ke fara sa musu magana a baki, malami namiji kuwa ba shi da hanyar shiga ɗakunansu, su ma ba su da hanyar barin miji da yara da daka da girki su zo birni su zauna a gaban malami. Alƙali yana iya hana bori da bulala a dandali, amma bulala ba ta shiga zuciya, kuma ba ta koya wa kowa Fatiha.

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma Nana Asma'u ce ta gano maganin, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Ta lura cewa akwai mata iri biyu da al'ada da shari'a ba su ɗaure musu ƙafa ba, watau tsofaffin da suka wuce haihuwa, da 'yan matan da ba su isa aure ba. Sai ta riƙa zaɓen mace mai hankali da amana da kamun kai daga kowane gari, wadda mutanen garin suka yarda da ita, ta naɗa ta jaji, sunan da fatake ke kiran mai jan ayari. Wajen naɗin kuwa sai ta yi wata hikima da ta isa a tsaya a yi mata tunani: ta ɗauki malfa, irin wadda aka san Innar Gobir da ita, ta ɗora wa jajin a ka, ta naɗe ta da jan rawani, ta sa mata albarka. Matan ƙauye da suka saba ganin malfa a kan shugabar bori, suna kaucewa su durƙusa, sai ga ta a kan malama mai koyar da alwala. Girman da suke ba malfar bai ragu ba, sai dai ya koma ga ilmi. Da haka ta karɓe alamar ba tare da ta wulakanta masu ita ba, kuma wannan ita ce siyasar masu hikima a cikin kira zuwa ga Allah. Matan da ke bin jaji su aka kira 'Yan Taru, watau masu taruwa domin karatu.

Bari mu kwatanta yadda tafiyar take. In kaka ta yi, an kai amfanin gona rumbu, hanya ta bushe, sai jaji ta zaga gida-gida ta sanar da matan aure cewa tafiya ta zo, kowace ta kawo abin da Allah Ya hore mata na sadaka, wannan ta kawo zuma, waccan man shanu, wata hatsi, wata zaren da ta kaɗa ko ƙyallen saƙi, kowace kuma ta faɗa wa jaji matsalar da take so a tambayo mata. Sai ayari ya tashi da sassafe, jaji a gaba da malfarta, tsofaffi na biye, 'yan mata ɗauke da ƙwarya a ka, suna tafe suna rera waƙoƙin da suka koyo a zuwan da ya wuce, su kwana a hanya in garin da nisa, har su iso gidan Waziri a unguwar Giɗaɗawa, ko Wurno in Nana tana can. Sai ta karɓe su a ɗakinta, a ba su ruwa da abinci, su huta, sa'an nan a zauna. Ta saurari tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, na gado da na idda da na tsarki da na zaman kishiyoyi, ta warware, ta biya musu sabuwar waƙa baiti-baiti har ta zauna a ƙirjinsu, ta shafa kan 'yan matan ta yi musu addu'ar miji nagari. Kayan sadakar da suka kawo kuwa ba ya kwana a taskarta, rabar da shi ake yi ga makafi da kutare da marayu da gajiyayyu. In sun koma gida, sai jaji ta shiga ɗaki-ɗaki ta juye wa matan aure abin da ta ɗebo, mace tana tankaɗe ko kaɗi tana karɓar karatu, ba ta taka ƙofar gida ba ilmi ya same ta har gindin murhu.

Littattafan wannan makaranta waƙoƙi ne, kuma da gangan aka yi haka, domin takarda tana da tsada, masu karanta ajami kaɗan ne, amma waƙa mai ma'auni da amsa-amo ko wadda ba ta taɓa riƙe allo ba tana iya haddace ta, kuma in baiti ya faɗi, ma'aunin da kansa zai tona. Ta tsara wata gajeriyar waƙa mai baiti 30 wadda ta ƙunshi sunayen surorin Alƙur'ani 114, da Fillanci da farko, sa'an nan da Hausa, domin mace ta san jerin Littafin Allah ta kuma yi tawassuli da shi. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fillanci zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci da cin haƙƙin talaka, wadda har yau almajirai da makafi ke rerawa. Ta yi Goɗaben Gaskiya a kan shika-shikan addini da sakamakon lahira, ta yi Begore a kan sirar Annabi da madahunsa, ta yi waƙar roƙon ruwa domin lokacin fari mutane su fuskanci Ubangiji maimakon dandalin bori. Ga malamai masu ba da magani kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci a 1839, inda ta tattara ayoyi da addu'o'in da aka ruwaito domin ciwo da naƙuda da tsoro da baƙin ciki, gama ta san cewa ba a raba mutum da abin da ya dogara gare shi sai an ba shi wanda ya fi shi.

Daga cikin ayyukanta akwai wanda ya fi kusa da zuciyata, shi ne Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Asalinsa Sarkin Musulmi Bello ne ya wallafa Kitabun Nasiha a kan salihan mata na farkon Musulunci, ya nemi ƙanwarsa ta mayar da shi waƙa, ita kuwa ta yi haka wajen 1837. Ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, ta kawo Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Sayyida Nafisa ta Masar da sauran waliyyai mata na Gabas, sa'an nan, a cikin wannan jeri mai alfarma, ta sa matan ƙasarta da ta sani ido da ido, irin su Joda Kawuri da 'Yar Hindu da Amina Lubel da Habiba, ta ambaci karatunsu da sulhun da suke yi tsakanin mutane da kyautatawarsu ga maƙwabta. Ma'anar wannan a wurin matar ƙauye babba ce, domin an nuna mata cewa ƙofar da Rabi'atu ta shiga ba a rufe ta a Basra ba, ga wata a unguwarsu ta shiga. Haka kuma marsiyyoyinta: ta yi wa baffanta Abdullahi na Gwandu, ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu, amma da alƙalamin nan guda ta yi wa Halima maƙwabciyarta, ta yi wa Zaharatu, wadda ke karɓar haihuwa, tana wankan gawa, tana koyar da mata, ta kuma yi wa Hauwa'u, wata jaji da ta yi shekaru tana jan ayarin garinsu ba ta fasa ba. Marubutan tarihi sun saba adana sunayen sarakuna da jarumai. Da ba domin Nana ba, da babu mai sanin an yi wata ungozoma Zaharatu a duniya.

Kada mai karatu ya zaci darajarta a tsakanin mata kaɗai ta tsaya. Manyan malaman zamaninta sun yi musayar wasiƙu da baitoci da ita, kuma lokacin da wani malamin Shingiɗi, Alhaji Ahmadu, ya biyo ta Sakkwato, ta tarbe shi da ƙasidar maraba da Larabci, ya mayar mata da amsa cikin girmamawa, abin da ke nuna cewa sunanta ya ƙetare hamada tun tana raye. Sarakunan Musulmi da suka biyo bayan Bello, waɗanda yayanta ne da 'ya'yan yayyenta, suna jin maganarta, ɗanta Abdulƙadir kuma ya gaji mahaifinsa a wazirci. Mutanen gari kuwa, da suka ga kowa nata ne, sai suka riƙa kiranta Uwar Gari. Duk da haka, wanda ya karanta waƙoƙinta zai tarar ta fi yawan ambaton zunubinta da neman gafara da tsoron ranar hisabi, domin tarbiyyar gidansu zuhudu ce, kuma mahaifinta bai tara dukiya ba balle ya bar musu gadonta.

Allah Ya karɓi ranta a shekarar 1864, watau 1280 ta Hijira, tana da shekara 71, aka rufe ta a Hubbare. Gwajin kowane gini shi ne ranar da maginin ya kau, kuma 'Yan Taru sun ci wannan gwaji. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta komo gida bayan rasuwarsa a 1846, ita ta karɓi ragamar a Wurno. Malama ce mai waƙoƙi da fatawa, har ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa a kan masu ƙaura zuwa Gabas domin taryen Mahadi, tana bayyana cewa lokacin bai yi ba. Ƙanensu Isa ya mayar da waɗansu waƙoƙin Nana na Fillanci zuwa Hausa, bayan Maryamu kuma wata 'yar gidan mai suna Ta Modi ta ci gaba. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, aka sauya tsarin mulki da shari'a da haraji, amma ayarin tsofaffin nan bai tsaya ba, domin ba shi da ofis da za a rufe, ba shi da baitulmalin da za a ƙwace. Ajiyarsa tana cikin ƙirji. Rubuce-rubucenta kuwa zuriyarta suka tsare su a gidan Waziri, har suka iso hannun tattaɓa-kunnenta, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ne kuma ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd gafakokin, ta yi shekaru tana nazarinsu, ta fitar da tarihin Nana a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta a 1997, duniya ta san abin da matan ƙauyukan Sakkwato suka daɗe da sani.

Yau akwai makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu yawa da ke ɗauke da sunan Nana Asma'u, kuma wannan abu ne mai kyau. Sai dai sa suna a bango ya fi bin tafarki sauƙi. Har yanzu a garuruwanmu da ƙauyukanmu akwai yarinyar da ake cire wa allo da littafi a ɗora mata farantin talla, akwai matar da ta shiga ɗakin miji aka rufe mata ƙofar karatu har abada, kuma sau da yawa mai yin haka da sunan addini yake yi. To, wanda duk ya hana 'yarsa ko matarsa ilmi, ya sani ba shi da hujja a gidan Shehu, gama Shehu ya zargi masu yin haka a rubuce, Abdullahi ya kare shi da baitoci, Bello ya wallafa littafi domin mata, Asma'u kuma ta kai karatu har ɗakin da ba a shiga. Ya ku iyaye da mazaje da malamai, ku buɗe wa mata hanyar sani kamar yadda magabatanku suka buɗe. Ku kuma 'yan'uwa mata da Allah Ya ba karatu, kowace ta dubi unguwarsu ta ga wadda ba ta samu ba, ta zama jajinta. Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da Maryamu da Hauwa'u da Zaharatu da sauran waɗanda suka taka ƙasa domin ilmi, Ya sa mu amfana da abin da suka bari, amin.